Hayaƙin Murhun Umma: Tsakanin Bashi da Amana

Gabatarwa

Ranar da na dawo gida daga hidimar ƙasa, hayaƙi ne ya fara tarbata tun daga zaure. Umma tana tsakar gida ta ɗora tuwon dare a kan murhu, tana fifita ɗanyen itacen da ya ƙi kamawa, idanunta sun yi jawur. Bayan an gaisa an yi mini barka da dawowa, sai na ga lokaci ya yi da zan nuna cewa shekarun da na yi a jami'a ina karatun labarin ƙasa ba su tafi a banza ba. Na ce mata wannan hayaƙin yana cikin abubuwan da ke ɗumama duniya, kuma ɗumamar ce ke rikita mana damina. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta gyara itace ta ce, “To, Malam, miƙo takardar digirin mu hura, ko ita ba ta hayaƙi?”

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta kwana a raina. Shin iyali irin namu, wanda bai ƙera mota ba, bai mallaki masana'anta ba, yana da wani nauyi a wuyansa na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya? Idan yana da shi, daga ina nauyin ya fito, kuma ina iyakarsa? Wannan ita ce tambayar da nake son in bi diddiginta, ta hanyar abin da ya wakana a gidanmu.

Abin da ake magana a kai

Rana tana aiko da zafi zuwa doron ƙasa, ƙasa kuma tana mayar da wani sashe nasa sama. A sararin samaniya akwai wasu iskoki, musamman iskar kabon da ta metan, masu tare wani ɓangare na zafin kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin mai barci. Ba don su ba da duniya ta daskare. Matsalar ita ce bargon yana ƙara kauri. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane ƙwayoyin iska miliyan ɗaya, kimanin 280 ne na kabon. Yau sun haura 420. Ƙarin ya fito ne daga ƙona kwal da fetur da gas, da sare dazuzzuka, da sarrafa siminti. Metan kuwa tana fitowa daga tumbin dabbobi masu tuƙa, da fadamun shinkafa da ruwa ya kwanta a ciki, da abincin da ke ruɓewa a juji.

Gida yana shiga wannan lissafi ta hanyar girki, da hasken dare, da zirga-zirga, da abin da ake zubarwa. Babu ranar da magidanci ko uwargida ba sa yanke shawara a kan ɗaya daga cikinsu, ko da ba su taɓa jin kalmar sauyin yanayi ba.

Hujjar Baffa

Wanda ya fi kowa ƙalubalantata shi ne Baffa, ƙanen mahaifina, tsohon malamin firamare wanda rediyo ba ta barin kunnensa. Ya ce mini, “Yaro, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Waɗanda suka ƙona kwal shekara ɗari biyu suka yi arziki, su ne za su aiko a ce uwarka ta rage itace?”

Na duba alƙaluma, na tarar suna bayansa. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga makamashi da masana'antu a shekara. Idan aka raba abin da Nijeriya ke fitarwa ta wannan hanya a kan mutanenta, rabon kowa bai kai tan 1 ba, alhali rabon mutumin Amurka ya kai kimanin tan 14. Amma wajen shan wahala mu ne a sahun gaba. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jigawa, inda gonarmu ta gado take, tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A shekarar ba mu ɗauki ko damin gero ɗaya daga ɓangaren gonar da ke kwari ba. Ita kanta duniya ta amsa cewa akwai rashin adalci a rabon, domin a taron sauyin yanayi da aka yi a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar a 2022, an amince a kafa asusun tallafa wa ƙasashe matalauta kan asarar da suke yi.

Baffa ya ƙara da hujja ta biyu, wato ƙanƙantar abin. Ya ce ko a cikin Nijeriya, wutar gas da ke ci dare da rana a rijiyoyin man Neja Delta ta isa ta sa a ji kunyar ambaton murhun tsohuwa. Idan gidanmu ya daina hura wuta gaba ɗaya, ma'aunin zafin duniya ba zai motsa ba.

Ban sami abin da zan ƙaryata a maganarsa ba, kuma har yau ban samu ba. Abin da na ƙi amincewa da shi shi ne hukuncin da ya ɗora a kanta, cewa tunda laifin ba namu ba ne, babu abin da ya hau kanmu.

Bashi da amana

A ganina nauyi yana hawa kan mutum ta hanya biyu. Ta farko ita ce bashi: ka yi ɓarna, dole ka biya. Ta biyu ita ce amana: an bar abu a hannunka, dole ka kula da shi ko da wani ne ya fara lalata shi. Idan gobara ta tashi a unguwa, wanda ya yi sakaci da wuta shi ake bi diyya, amma wannan bai sauke wa maƙwabci mai bokiti nauyin ɗebo ruwa ba. Hausawa kan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon gemun da ya kama namu ne.

Ƙasashen da suka yi arziki da hayaƙi su ake bi bashi, kuma ya wajaba a ci gaba da binsu. Iyali irin namu kuwa amana ce a wuyansa, kuma amanar ba ta da nisa da shi. Ita ce itatuwan gonarsa, da huhun matar da ke girki, da iskar da yara ke shaƙa a tsakar gida, da ɗabi'ar da zai gadar wa 'ya'yansa. Muhimmancin wannan bambanci shi ne, mai bashi ana tilasta masa ya biya ko zai ƙuntata, mai amana kuwa ana neman ya yi iyakar ƙoƙarinsa ne gwargwadon hali.

Game da ƙanƙantar abin, kwatar unguwarmu ta ba ni amsa. Babu wanda ledarsa ɗaya ta taɓa toshe kwata, amma duk damina sai ta toshe, ruwa ya shiga gidaje. Kowa yana da gaskiya idan ya ce tasa ledar ba ta yi komai ba, kuma da wannan gaskiyar ta kowa aka haɗu aka yi ɓarnar. Akwai laifukan da ba sa bayyana sai an taru, saboda haka ba a auna su da abin da mutum ɗaya ya jawo. Ana auna su ne da tambayar ko mutum ya yarda ya zama ɗaya daga cikin masu taruwar. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200, kuma mafi yawansu matasa ne da ba su kafa gidajensu ba tukuna. Abin da waɗannan gidaje masu zuwa za su ɗauka a matsayin ci gaba, shi zai yanke ko rabonmu na hayaƙi zai zauna kaɗan ko zai ninka.

Laifi tudu ne

Domin in gamsar da Umma, sai na ɗauki littafi na yi mako guda ina rubuta duk abin da ake ƙonawa da abin da ake zubarwa a gidan. Sakamakon ya ba ni kunya.

Umma ba ta zubar da abinci. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe, na gindin tukunya kuma ƙanzo ne da ake shanyawa a ajiye. Dusa da ɓawon wake na awaki ne, kashin awakin da toka kuma taki ne da ake kaiwa gona kafin damina. Ruwan shanta daga randa yake, wadda ke sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba. Kasuwa da kwandonta take aikawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa abincin da ke lalacewa ko ake zubarwa yana da alhakin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na iskokin da ke ɗumama duniya. Ashe matar da na zo yi wa wa'azi ta daɗe da rufe wannan ƙofa, ita dai sunan abin a wurinta tattali da gudun almubazzaranci.

Ni kuma fa? Ni ne mai tayar da janareto kowane dare domin kallon ƙwallo da cajin waya da kwamfuta. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana ba da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Lita biyu a dare, idan aka lissafa shekara, ya haura tan ɗaya da rabi, wato fiye da rabon ɗan Nijeriya na shekara guda. Ni ne mai hawa babur zuwa inda ƙafa za ta kai ni cikin minti goma, ni ne mai shan ruwan leda in yar, kuma ni ne mai mafarkin rushe ɗakin ƙasa na Kaka, mai sanyi da bazara da ɗumi da hunturu, in yi mata na bulo da kwano wanda ba ya zaunuwa sai da fanka. Na taka tudun laifina ina hango na Umma.

Sai dai murhun ma bai kuɓuta ba. Itace yana mayar da kabon ɗin da ya zuƙa ne lokacin da yake raye, don haka idan wani ya tsiro a madadinsa an yi canjaras. Illar tana zuwa ne idan ana sara fiye da yadda ake tsirowa, kuma haka abin yake a yawancin ƙasarmu. Gawayi ya fi muni, domin a haɗin gargajiya sai an ƙona itace mai nauyin ninki da yawa kafin a sami buhu guda. Sannan ga cutar da ta fi kusa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020. Tarin da Umma ke yi da asuba ya fi duk alƙaluman nan ƙarfi a wurina.

Abin da muka yi ba shi da yawa. Muka sayi murhu mai tsimin itace, wanda ke killace wuta a ƙarƙashin tukunya. Aka riƙa shanya itace ya bushe kafin a hura, ana rufe tukunya, ana jiƙa wake tun dare. Da kuɗin adashe muka sa ƙaramar sola mai ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya, janareto ya koma na ranar buƙata. Ƙaramar tukunyar gas kuma ta ɗauke shayin safe da ɗumame. Na san gas ɗan'uwan fetur ne, amma idan aka gwada shi da gawayin da aka kashe itace mai rai dominsa, aka kuma dubi huhun mai girki, shi ne mafi sauƙin illa.

Dole kuma in faɗi wata gaskiya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, janaretoci da yawa a unguwarmu suka yi shiru, ba don masu su sun ji wa'azin muhalli ba. Haka kuma duk lokacin da gas ya yi tsada, gidaje kan koma wa gawayi. Ragin da talauci ya tilasta ba nagarta ba ne, kuma bai kamata mai ƙoshi ya yaba wa mayunwaci a kan azumin da bai yi niyya ba. Zaɓi yana da daraja ne idan mutum yana da ikon yin akasinsa.

Ƙirya uku da kayan ɗaki

Jarrabawar gaske ta zo ne da auren ƙanwata. Kuɗin kayan ɗaki suka gaza, sai masu gawayi suka yi tayin itatuwan ƙirya uku da ke gonar gado, domin gawayin ƙirya yana da daraja tun zamanin maƙera. Kuɗin da suka saka zai cike giɓin. Baffa ya ce a sayar, mutuncin yarinya a gidan miji ya fi itace. Baba ya yi shiru. Ni na ce kada a sayar, amma bakina ya yi nauyi, domin ba ni za a kai ɗakin da dangin miji za su shigo su ƙirga kujeru ba.

Kaka ce ta yi maganar da ta juya zaman. Ba ta san kabon ba, amma ta san farin 1973. Ta ce a shekarar da hatsi ya ƙi, itatuwa ne suka riƙe mutane da dabbobi: garin ɗorawa, da ganyen kuka, da 'ya'yan gawo da aka ba awaki. Ta dubi Baffa ta ce, “Ubanku ya tarar da su bai sare ba, ga shi kuna da abin sayarwa. Ku in kun sare, me naku za su tarar?”

Maganarta ta tuna mini abin da na karanta game da maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka sauya yadda suke sharar gona. Maimakon su tumɓuke duk tohon da ya fito daga tsofaffin kututture, sai su zaɓi masu ƙarfi su gyara su, su bar su su girma, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawa daga cikinsu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manoman nan ba su yi haka domin ceton duniya ba. Sun yi ne domin gero da itacen girki da abincin dabbobi, amma duniya ta amfana. Kowannensu yana iya cewa itacensa ɗaya ba komai ba ne, kamar mai ledar kwata, sai dai a nan taruwar alheri ta haifar.

A ƙarshe aka sare ɗaya, wadda gefenta ya riga ya bushe, aka bar biyu. Na ba da ɗan abin da na tara daga alawus na hidimar ƙasa, aka kuma rage kayan ɗakin. Ƙanwata ta haƙura da kujerun da ta sa rai, amma na ji kukanta a ɗakin Umma daren da aka yanke shawarar. Da safe na ba ta haƙuri, ta ce, “Ba komai, Yaya,” ba ta kuwa ɗago kai ba.

Har yanzu ina ganin shawarar daidai ce, amma ta koya mini abin da littafi bai koya mini ba. Kowane zaɓi na kirki yana da mai biyan kuɗinsa, kuma a gidajenmu sau da yawa mace ce: ita ke shaƙar hayaƙi, ita ake cewa ta sauya girki, ita ake rage wa kayan ɗaki. Iyalin da zai rage hayaƙi da adalci sai ya fara da abin da mai ƙarfi ke morewa kafin ya taɓa abin da mai rauni ke buƙata. Janaretona ya cancanci a fara kashe shi kafin a dubi murhun Umma, kuma liyafar maza ta cancanci a fara rage ta kafin kujerun amarya. A wannan na biyun mun gaza, domin ba a rage komai daga walimar ba, shinkafar da ta yi saura kuma a juji ta ƙare.

Iyakar abin da gida zai iya

Ba na son a fahimci cewa gyaran gida zai maye gurbin aikin hukuma. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 2015, kuma a taron Glasgow na 2021 ta yi alƙawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa ba. Irin wannan alƙawari ba ya cika sai da tsayayyar wutar lantarki, da motocin haya masu tsari, da gas da sola a farashin da talaka zai iya, da kare dazuzzuka. Uwargida ba za ta zaɓi abin da babu shi a kasuwa ba. Amma wanda ya gyara gidansa ya fi ƙarfin baki idan ya tashi neman haƙƙinsa, a wurin hukuma ko a wurin manyan ƙasashe, domin ya san abin da yake magana a kai, kuma ba za a ce masa ya fara da kansa ba.

Kammalawa

Amsar da na samu ga tambayar farko ita ce, iyali irin namu ba a binsa bashin ɗumamar duniya, amma yana riƙe da amanar abin da ke hannunsa. Iyakar amanar ita ce hali, sharaɗinta kuma shi ne kada a ɗora nauyinta a kan mafi rauni a gida. Mafi yawan abin da ake buƙata ba baƙo ba ne a wurinmu, tattalin iyayenmu ne wanda mu 'yan boko muke gaggawar yarwa domin kada a ce ba mu waye ba. Babban haɗarin yana ranar da hannunmu zai buɗe, mu ɗauka cewa alamar samu ita ce ɓarna.

Baffa bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma ina jin daɗin haka, domin ana buƙatar masu tuna wa duniya bashin da ke kanta. Sai dai da daminar bana na gan shi a gona ya sa yara sun kewaye wasu tohon gawo da ƙaya saboda awaki. Umma kuwa ta saba da sabon murhunta, itacen da a da yake yi mata kwana huɗu yanzu yana kaiwa mako, tarin asuba ma ya ragu. Takardar digirin tana nan a akwati ba a hura ta ba, amma idan Umma ta ga na nufi janareto da dare, takan ɗaga murya daga ɗaki ta ce, “Malam, duniya fa!”